Ɓarawo Ba Ya Tsoron Takarda: Inshora, Tsaron Gida da Aljihun Malami



A makon ƙarshe na zangon karatun da ya wuce, daidai lokacin da kowannenmu ya duƙufa wajen duba takardun jarrabawa da cike katin sakamako, wani abokin aikinmu da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ya fito sallar asuba ya tarar da ƙofar soronsa a wangale. An ɓalle kwaɗo, an datse sarƙar da yake ɗaure babur ɗinsa da ita, babu babur babu dalilinsa. Da ya koma ciki ya dudduba, sai ya ga ɓarnar ba ta tsaya a soro ba. Wayoyi biyu da aka bari a caji sun tafi, kan keken ɗinkin maiɗakinsa ya tafi, haka ma batirin solar da suka shekara suna tara kuɗinsa. Hatta jakar da ya zuba takardun 'yan aji biyar ba su bari ba, suna zaton wani abin kirki ne a ciki. Sai da hantsi ya ɗaga yara suka tsinto ta a bakin kwata, takardun duk sun jiƙe.

Mun je jaje kamar yadda aka saba. Mun yi addu'ar Allah Ya mayar da mafi alheri, muka yi karo-karo a ofishin malamai, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da aka tara bai wuce kuɗin adaidaita sahu na wata guda ba, kuma babu wanda za a zarga, domin tsakiyar wata ne. Muna shirin tashi sai ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a cikin leda, ya miƙo mana yana cewa ai da sauƙi, yana da inshora, bai taɓa barin ta ta ƙare ba. Muka kalli juna. Sai da ɗayanmu ya yi ta maza ya gaya masa gaskiya: wannan takarda ba ta biyan abin da aka sace. Babur ɗin kuwa da rance ya saye shi, kuma har yau ana cire kuɗin daga albashinsa duk ƙarshen wata.

Abin da ya same shi yana iya samun kowannenmu daga Darmanawa zuwa Hotoro, daga Unguwa Uku zuwa Babban Giji. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan shafi, mu bambance abin da muke biya da abin da yake kare mu, sannan mu kawo shawarar da muke fata shugabannin reshe za su saka a jerin abubuwan tattaunawa na taro mai zuwa.

Me muke biya, kuma me ya sa ya tashi?

Inshorar da doka ta wajabta wa duk mai abin hawa a Nijeriya ita ce ta kare haƙƙin wani. Ma'anarta, idan ka buge mutum ko ka lalata masa dukiya da motarka ko babur ɗinka, kamfanin inshora ne zai biya shi a madadinka. Ba ta gyara naka abin hawan, ba ta biyan ka in ya ƙone, ba ta kuma biyan ka in an sace shi. Asalinta tsohuwar doka ce ta shekarar 1945 a zamanin Turawan mulki, kuma manufarta mai kyau ce, domin talakan da aka kaɗe a titin Zariya ko titin Gidan Zu bai kamata ya rasa mai biya masa kuɗin asibiti ba. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu mun ɗauke ta a matsayin laya, muna ganin tunda an rubuta inshora a kanta, to ta rufe komai.

Kusan shekara ashirin kuɗinta na ƙaramar mota yana kan naira 5,000. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. Ƙaramar mota ta gida ta koma naira 15,000, adaidaita sahu naira 5,000, babur naira 3,000. Don adalci, ya kamata mu faɗi cewa an ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3 ga ƙaramar mota. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta fara tsaurara binciken wannan takarda a kan hanya. Saboda haka malamin da ya lallaɓa ya sayi tsohuwar mota don kai iyali asibiti da makaranta ya wayi gari yana biyan ninki uku, a kan abin da ba zai share masa hawaye ba ranar da ɓarawo ya ziyarce shi.

Akwai kuma wani ciwon a kan ciwo. Da yawanmu ba ma zuwa wurin kamfani da kanmu. Muna ba wani ɗan tsakiya kuɗi ne ya haɗo mana takardu gaba ɗaya. Ba boyayyen abu ba ne cewa takardun jabu sun daɗe suna yawo a ƙasar nan, shi ya sa ma kamfanonin inshora suka buɗe rumbun bayanai a intanet, mai suna NIID, inda mutum zai saka lambar abin hawansa ya ga ko takardarsa ta gaske ce. Wanda bai taɓa dubawa ba, ya duba. Ba ƙaramin takaici ba ne mutum ya biya kuɗin gaske ya karɓi takardar ƙarya.

Inshorar da ke biyan sata ita ce cikakkiya, wadda ta haɗa haɗari da gobara da sata. A sanarwar nan ta 2022 hukumar ta ƙayyade cewa kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa ba a shekara. Mu da muke koyar da lissafi, sai mu buga. A ce motarka ta kai naira miliyan 4: kuɗin shekara naira 200,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 71,000 ne, wato sai mai wannan albashi ya haɗa na kusan wata uku bai ci bai sha ba. A ce babur ya kai naira miliyan 1: naira 50,000 ke nan. Kuma tun da kaso ne na daraja, duk lokacin da farashin abin hawa ya tashi, kuɗin inshorar ma sai ya bi shi. Kowa ya san abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira da ya biyo baya: dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, babura da kayan gyaransu kuwa galibi daga waje ake shigo da su. Babur ɗin da malami ya saya shekara huɗu da suka wuce, yau in ya rasa shi ba zai iya mayar da irinsa ba. Dukiyarmu ta ƙara daraja a idon ɓarawo, kuɗin kare ta ya yi sama, albashinmu kuwa yana tafe da ɗingishi a baya.

Ƙarfe da katanga

Da inshora ta gagara, sai mu koma wurin mai walda. Duk wanda aka taɓa yi wa sata ya san wannan zazzaɓi: a sati na farko za a sauya ƙofar soro da ta ƙarfe mai kauri, a ƙara kwaɗo biyu, a ɗora bulo uku a kan katanga, a jera fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya, a sa ƙarfe a kowace taga har da ta banɗaki. Abokin namu ma haka ya yi, kuma sai da ya ƙara cin wani bashin. Ba mu ce kada a yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɓarawo yakan nemi gidan da ba zai ɓata masa lokaci ba. Kwaɗo mai kyau da ƙofa mai ƙwari suna sayo mana mintoci, mintocin nan kuwa suna da amfani.

Amma fa mintoci kawai suke sayowa. Suna amfani ne idan akwai wanda zai ji ƙarar ƙarfe ya leƙo. In babu, to ɓarawo yana da dare gaba ɗaya, kuma almakashin yanka ƙarfe ba shi da tsada. Doguwar katanga tana hana na waje ganin ciki, haka kuma tana hana maƙwabci ganin wanda ya riga ya dira. Ga kuma haɗarin da ba mu cika tunawa da shi ba sai lokacin hunturu: gidan da aka toshe kowace taga da ƙarfen da ba ya buɗewa, ranar da wuta ta tashi yakan zama kurkukun masu shi. Mun sha jin labarin iyalan da maƙwabta suka taru suna jin ihunsu, amma aka kasa ɓalle ƙarfe a kan lokaci. Duk wanda zai sa ƙarfe, ya bar aƙalla taga ɗaya mai buɗewa daga ciki, ya kuma rataye makullinta inda kowa a gidan ya sani, har yara.

Mu malamai muna da wani rauni na musamman da ya kamata mu amsa. Babu ma'aikacin da aka san jadawalinsa kamar malami. Duk layi ya san ƙarfe nawa muke fita, ƙarfe nawa muke dawowa, yaushe ake hutu, yaushe muke tafiya ƙauye da sallah. Gidan da miji da mata duk malamai ne, tun bakwai da rabi na safe har bayan azahar babu kowa sai kaji. Ba ƙarfen da zai maye gurbin idon tsohuwar da ke zaune a ƙofar gida tana sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta san fuskar kowa a layin.

Abin da iyayenmu suka sani

Iyayenmu a cikin birni da ƙauyuka ba su da ƙofofin ƙarfe, amma suna da tsari. Soro ba wurin ajiye babur kaɗai ba ne. Wurin zama ne, inda maigida da almajirai da baƙi ke kwana, baƙo kuma ba ya wuce shi sai da izini. Wanda ya sauka a unguwa sai an kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya san dagaci, dagaci ya san hakimi. Yau a yawancin layukan Tarauni gidajen haya ne jere da juna, mai gida yana wata unguwa, dillali ne ke karɓar kuɗi ya miƙa makulli, sai ka shekara biyu ba ka san sunan wanda kuke haɗa katanga da shi ba. Mun ɗaga bango mun sauke zumunci, sannan muna mamakin yadda aka fitar da babur daga soro babu wanda ya ji. Sai da ɗan gari akan ci gari. Mai tsaron garin ma ɗan gari ne.

Saboda haka mataki mafi araha shi ne wanda muka fi sakaci da shi. Mu san maƙwabtanmu na dama da hagu da na gaba, mu karɓi lambobin juna. In za mu yi tafiya, mu gaya wa mutum ɗaya amintacce. Mu biya kuɗin sintiri a kan lokaci ba tare da an yi ta sallama a ƙofarmu ba, mu kuma halarci zaman kwamitin unguwa. A nan malami yana da abin bayarwa da ya fi kuɗi: ya iya rubutu, ya iya riƙe rajista, ya iya tsara jadawali. Kwamitocin tsaro da yawa suna rushewa ne saboda babu mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ke kiran sunayen yara saba'in ko ɗari kowace safiya ba zai kasa riƙe littafin gida talatin ba. Fitilar sola ɗaya a bakin lungu, in gida goma suka haɗa kuɗinta, ta fi bulo ɗari a kan katanga ɗaya.

Sai dai akwai iyakar da ba za mu yarda a tsallake ba. Sintiri aikinsa ya gani, ya busa usur, ya kama, ya miƙa wa hukuma. Ba aikinsa ba ne ya yanke hukunci. Mu mutanen Kano mun fi kowa sanin ɗacin wannan, domin a watan Maris na 2025 aka tare matafiya mafarauta a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu ta dawowa gida hutun sallah, aka kashe mutum 16 bisa zargi kawai. Wanda ya yi kukan Uromi bai kamata ya ɗaga gora a kan yaron da aka yi wa ihun ɓarawo a lungunsa ba. Mu ne muke koya wa yara cewa zargi daban, hujja daban. Kada fushi ya sa mu warware da daddare abin da muka koyar da safe.

Haka kuma mu dubi kanmu. Ɓarawon tsaye ba ya rayuwa sai da na zaune. Wayar da aka tallata mana a rabin kuɗi babu kwali babu rasit, da batirin da aka ce mai shi ne ya matsu, da kayan babur da aka kwance aka zube a ƙasa, daga ina suka fito? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan cikin ƙaramar hukumarmu, masu mutunci a cikinsu ba sa ƙin ba da rasit. Mu nema, mu adana. Kuma kada mu manta cewa samarin da ke haura katanga ba daga sama suka faɗo ba. Wasunsu sun zauna a kan bencinmu shekara goma da suka wuce, suka ɓace daga rajista a aji huɗu, ba wanda ya bi sawu. Wannan magana ce mai tsawo da ke buƙatar shafinta daban, amma ba za mu wuce ba tare da ambatonta ba.

Shawararmu ga reshe

Duk da haka, komai ƙarfin ƙofa da kyawun maƙwabtaka, wata rana sai an yi wa wani sata. Tambayar ita ce: ranar da abin ya faru, wa zai ɗauki nauyin? A yanzu mutum ɗaya ne ke ɗauka, mu kuma mu raka shi da addu'a da canjin aljihu. Shawararmu ita ce reshe ya kafa asusun taimakon juna na musamman don asarar sata da gobara, wanda kowa zai riƙa zuba ɗan abu kaɗan duk wata tun kafin masifa ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu sake buga lissafi, a matsayin misali kawai. A ce mutum 500 ne suka shiga, kowa yana ba da naira 500 a wata, kuɗin da bai kai na litar fetur ɗaya ba. A wata an tara naira 250,000, a shekara naira miliyan 3. In aka tsayar da cewa mafi yawan abin da za a ba mutum ɗaya naira 300,000 ne, asusun zai iya tallafa wa gida goma a shekara. Ba zai sayo sabon babur ba, amma zai biya ragowar rancen tsohon, ko ya zama kafin alƙalami na wani. Bambancinsa da karo-karon ofis shi ne ba ya jiran albashi, ba ya duba farin jinin wanda aka yi wa satar, kuma mai karɓa ba ya sunkuyar da kai, domin haƙƙinsa ne.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a gare mu. Iyayenmu mata sun riƙe adashi tun kafin a san banki, manoma sun san gayya, kowace unguwa ta san gudummawar biki da ta mutuwa. Ba kuma baƙo ba ne a tarihin malamai. A shekarar 1934 a ƙasar Faransa, malaman firamare 301 da suka gaji da tsadar inshorar mota suka haɗu suka kafa tasu ta taimakon juna, wadda ake kira MAIF, kuma har yau tana nan, ta zama ɗaya daga cikin manya a ƙasar, da miliyoyin mambobi. A Kenya malamai sun kafa ƙungiyar adashi da rance ta Mwalimu a 1974, ita ma ta zama ƙasaitacciya. Ita kanta ƙungiyarmu ta malamai ta ƙasa, da aka kafa a 1931, ba ta tsaya a kan komai ba sai imanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san wasu 'yan'uwa suna ƙyamar duk abin da aka kira inshora saboda dalilin addini, kuma ƙyamarsu tana da tushe, domin malaman fiƙihu da dama sun ga riba da rashin tabbas a cikin inshorar kasuwanci. Amma su waɗannan malaman ne suka halatta ta taimakon juna, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai; Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a 1985. Tsarin da ake kira takaful ke nan. Kamfaninsa na farko an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, a nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi a 2016. A wannan tsari abin da ka zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, in an samu rara bayan biyan waɗanda suka yi asara sai a raba wa mahalarta bisa ƙa'ida. Tawakkali bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin reshe ma babu abin da zai hana su shiga, domin taimakon maƙwabci ba na addini ɗaya ba ne.

Saboda haka mataki na biyu, bayan asusun ya tsaya da ƙafarsa, shi ne shugabanni su gayyaci kamfanoni masu lasisi, na takaful da sauransu, su zo su yi mana bayani a bainar jama'a, a tambaye su farashin rufe baburan mambobi da kayan ɗakinsu a dunƙule. Malami ɗaya ba shi da bakin ciniki a gaban kamfani. Malamai ɗari biyar suna da shi. A kuma tambaye su sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan haruffa: cikin kwana nawa ake kai rahoto, wace shaida ake buƙata ta fasa ƙofa, me ake cirewa kafin a biya.

Inda gizo ke saƙa

Za a ce mana, kuma da gaskiya, cewa albashin malami ya gaji da yanka. Za a ce an sha tara kuɗi a ƙungiyoyi daban-daban su bi ruwa. Za a ce wani zai ɓoye babur ɗinsa a gidan surukai ya zo yana salati. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma in ba a toshe su tun farko ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ya sa muke ba da shawarar sharuɗɗa kamar haka. Shiga ta zama ta ganin dama, ba tilas. Kuɗin ya zauna a asusun banki nasa na kansa, da sa hannun mutum uku, aƙalla ɗaya mace, kuma kada a taɓa shi don taro ko tafiya ko rance. A liƙa bayanin shige da fice a kowace makaranta duk ƙarshen zango. Duk wanda zai shiga ya yi rajistar kayansa tun farko. Ba za a biya ba sai da rahoton 'yan sanda da shaidar mai unguwa, sai kuma mambobi biyu daga wata makarantar sun je sun gani da idonsu. Sabon shiga ya yi wata uku yana zubi kafin ya cancanci karɓa. Kuma kafin a fara, a nemi shawarar lauya da ta hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin gama kai, don kada mu taka doka da kyakkyawar niyya.

Kafin reshe ya zauna, akwai abin da kowannenmu zai iya yi a wannan makon ba tare da kashe ko kwabo ba. Mu rubuta lambar injin babur ko mota da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, mu ɗauki hotonsu da na takardu, mu ajiye kwafi a wani wuri da ba gidanmu ba. Mu danna *#06# a wayoyinmu mu kwafe lambar da ta fito, domin ita ake nema in an sace waya. Mu adana rasit na duk wani abu mai daraja. Mu daina barin makullin babur a rataye a soro, mu daina barin waya a caji kusa da taga. Takardun shaidar karatunmu da na ɗaukar aiki kuwa, mu yi hotonsu mu raba wurin ajiya, domin babur ana iya sake saye, amma wanda ya taɓa neman madadin takardar shaidar kwaleji ya san wahalar da ke ciki.

Abokin namu yana nan yana zuwa aiki. Yakan fito tun da duku-duku ya taka zuwa bakin titi, ya hau adaidaita biyu kafin ya isa, kuma bai taɓa makara ba. Takardun 'yan aji biyar ɗin nan da suka jiƙe, shanya su ya yi a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ya duba su, ya ba kowane yaro makinsa. Mutumin da ya riƙe amanar 'ya'yan jama'a haka, bai cancanci 'yan'uwansa su bar shi da takarda a cikin leda ba. Muna roƙon shugaban reshe da sakatarensa su kawo wannan batu gaban taro mai zuwa, muna kuma roƙon kowane wakilin makaranta ya ji ra'ayin mutanensa kafin ranar.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da ɗan abin da muka mallaka, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya kuma shiryi 'ya'yanmu. Amin.